Asta Mai Banda

Duk wanda yaz zo sayen kihi wurina a kasuwar Illela sai ya dube ni sau biyu. Dogon hanci, dogon wuya, ga ni kuma zaune cikin ƙauri. Rannan wani mai babur yac ce mani, "Ke, daga wace rugga anka sato ki?" Nic ce mashi ruggar ubanka. Amma gaskiya yah hwaɗi bai sani ba. Mu jinin rugga na. Sai dai duk gidanmu babu mai jin Hillanci ko na sallama, babu wadda tat taɓa tatsar saniya. Wadda tas sa haka sunanta Asta, ita tah haihi kakar kakata. Iya Hairi, kakata, ita tab ba ni labarin, ita kuma a bakin tata kakar taj ji shi. In akwai ƙarya ciki, tsohuwar ƙarya ta, ba tawa ba.

Abin ya hwaru kamar shekara goma sha biyu kahin Nasara su zo. Ƙasa tana hannun Sarkin Musulmi, babu boda, babu kwastan, babu mai tambayarka takarda. Ka tashi Kalmalo ka yi azahar a Ƙonni, ba ka ƙetare komi ba sai gonakin mutane. Illela kanta, in ji Iya, ba ta kai a kira ta gari ba. Kalmalo ita ta gari, saboda tabki.

Asta da mijinta Jalo suna da rugga arewa da tabkin. Kak ku tambaye ni yawan shanunsu, Hillani ba su hwaɗin wanga, wai baki. Jajaye na dai, masu dogayen ƙahoni, kowace da sunanta. Asta ta haihu sau biyu, duka sun koma tun ba a yaye su ba. To abin da yar rage mata a duniya shanun ga na, da ƙwaryarta. Wata babbar ƙwarya ta, mai zane, uwarta tab ba ta ranar da anka kai ta ɗaki. Tun da anka hwahe ta babu abin da yat taɓa shiga cikinta sai nono. Ko ruwan sha ba a zuba mata. Duk Kalmalo in ka ce Asta sai a ce wace, in ka ce Asta mai nono, ko yaro ya nuna maka gindin tsamiyar da take zama.

Gindin tsamiyar nan ba ita kaɗai ta ba. Kusa da ita akwai Yagana, wata Babarbariya gajera mai murya awa ganga. Mijinta mai kanwa na, yaz zo da ita daga gabas, yam mutu yab bar ta nan, tak kama sayen kihi wurin masunta tana banda tana saidawa. Kun dai san Hillani da Barebari, abokan wasa na. Kowa shina cewa ɗayan bawanai na, a zagi juna son rai, wanda yay yi hushi shi ake yi wa dariya. Da Asta ta sauke ƙwarya, Yagana za ta buɗe baki.

"Baiwata ta iso! Yau ruwan tabki nawa kinka zuba a nonon?"

"Kaɗan niz zuba. Na rage maki saura ki yi wanka, shekara ta zagayo."

"Ji mani ɗiyar daji! Ke da ke wari awa maraƙi."

"Gara warin maraƙi. Ke ko ungulu sai ta yi sallama daga nesa."

Haka kullum, shekara da shekaru. Ba su taɓa cin abinci tare ba, ba su taɓa shiga gidan juna ba. Asta ko zama take sai ta duba inda iska ke kaɗawa, kak ƙaurin kihi shi bi ta kan ƙwaryarta.

Sai hwatake sunka hwara kawo magana daga gabas, wai wata cuta tana cin shanu, daga Barno har ta shigo ƙasar Katsina. Sunka ce daga ido take hwarawa, saniya ta yi ta hawaye. Mutane sunka ce Allah shi kiyaye, kowa yac ci gaba da harkarshi.

Wata rana da hantsi sai ga baƙo a rugga, shina jaye da karsana. Jaɓɓo na, abokin Jalo tun na ƙuruciya, tare sunka yi kiwo, tare sunka sha bulalar sharo. Kwana biyar yay yi a hanya daga wajen Gobir. Anka shimhiɗa mashi tabarma, anka yi gaisuwar nan tasu da ba ta ƙarewa. Jalo yac ce ina shanu. Jaɓɓo yac ce lahiya lau. Su ko gidansu na cin wuta lahiya lau za su ce maka. Can sai yac ce, "Habbanaye nik kawo maka."

Ga wanda bai sani ba, habbanaye shi na abokinka shi zaɓi karsanar da yah hi so, shi ba ka ka riƙe, ta haihu a hannunka, ɗiyan su zama naka, daga baya ka maishe mashi da uwar. A wurinsu babu girmamawar da tah hi wagga. Kuma ba a ƙin ta. Wanda yaƙ ƙi habbanaye ya tohwa wa abokinai yawu a huska.

Asta tad dama hura, taɗ ɗauko za ta kai wa baƙo, tab bi ta gaban karsanar. Kyakkyawa, ja wur. Sai tag ga idonta jiƙe, ƙuda sun taru a gurbin. Tad dubi mijinta, tag ga shina kallon ƙasa. Ashe shi ma ya gani.

Tay yi mashi alama sunka zagaya bayan bukka. Ba ta hwaɗin sunanai, sai tac ce, "Kai, ka ga idonta?"

"Na gani."

"To?"

"To mi? In ce shi koma da ita? Da wane baki?"

"A ɗaure ta can nesa, bayan tudu, mu ga kwana bakwai."

"In ɗaure habbanaye a daji awa akuyar sata, mai ita shina kallo? Gobe duk ƙasar ga ta ji."

Yak koma, yak karɓi igiya da hannu biyu, yay yi godiya, yaj ja karsanar da kainai har tsakiyar garke. Ni da ni ta, wallahi sai dai a yi ta ji da ni har Sakkwato. Amma ba ni ta ba. Asta ta koma ɗaki ta wanke ludayi. Shi ma Jaɓɓo ba mugunta yay yi ba. Daga baya anka ji rabin shanunai sun riga sun zube, ya zaɓo wadda yah hi so ya gudo da ita, shina ganin ko ita ta tsira.

Kwana takwas karsanar tam mutu. Kahin a ja ta waje, biyar sun hwara hawaye. Iya ta ce cutar ba ta da kyan gani. Ido da hanci su yi ta zuba, baki shi yi gyambo, saniya ta tsaya gaban ciyawa tana dalala ba ta iya ci. Sannan zawo shi ɓarke, da jini, da wari. Sai ta durƙusa, ba ta sake tashi. Jalo babu abin da bai yi ba. Ya ba su kanwa, ya yi musu lalas da ƙarhe, ya tahi Garu ya karɓo rubutu wurin wani malami ya zuba musu a ruwa. Duk sahiya sai ya tarar da wasu a kwance. Da hwari shina heɗewa shina shanya hwata, daga baya yad daina. Wa za shi saye? Duk ƙasar haka take, ruggar gabas, ruggar yamma, har ɓauna da gada a daji. Ungulai sunka ƙoshi har ba su iya tashi sama, kuraye suna yawo da rana tsaka ba mai korarsu. Wasu sunka ce ko da karsanar ko babu ita cutar tana tahe. Wasu sunka ce a igiyar Jalo tas shigo. Dukansu ba su hwaɗi a gabanai ba. In an gamu da mai shanu babu abin cewa sai sannu, har cutar kanta anka sa mata suna Sannu.

Ta ƙarshe wata tsohuwar saniya ta, Wule, wadda uban Asta yab ba ta tun tana yarinya. Asta taz zauna a ƙasa taɗ ɗora kanta a cinya tana kore mata ƙuda, tun sahe har la'asar. Da tag gama, Asta tam miƙe tak kakkaɓe zane. Ba ta yi kuka ba, kunya ba ta bari.

Jalo bai yi hauka irin ta jihwa da duwatsu ba. Da sahe shi ɗauki sanda shi gicciya a kahwaɗa shi hita, shina kiran shanu ɗaya bayan ɗaya da sunansu. Da marece shi dawo shi durƙusa wurin dangwali, igiyar nan da ake ɗaure maruƙa, shi bi kowane zarge shi ƙulle, babu komi ciki. In Asta ta aje mashi tuwo shi ce bari shi gama da shanu tukuna. Wata guda shina haka. Rannan yah hita bai dawo ba. Masu itace sunka tsince shi kusa da Amarawa, gindin wani gawo. Ya tuɓe riga ya ninke, ya ɗora malhwa da sanda a kai, ya kwanta. Nan anka rihe shi.

Sauran 'yan rugga sunka watse. Wan Asta, Sambo, yac ce ta bi shi kudu, ko Allah ya sa a dace. Tac ce takaba za ta yi inda mijinta yab bar ta. Yat tahi. Tay yi wata huɗu da kwana goma ita kaɗai cikin bukkoki babu kowa, tana tsakurar ɗan geron da yar rage.

Ranar da tah hita takaba, ranar kasuwar Kalmalo ta. Taw wanke ƙwaryar nan, tar ruhe ta da hwaihwai, taɗ ɗora a kai, tay yi tahiyar da tas saba, taz zauna gindin tsamiya. Ƙwarya babu komi. Kowa ya san babu komi, nono ya ƙare a ƙasar gaba ɗaya. Mata suna wucewa, "Sannu Asta. Sannu Asta." Babu wanda yac ce mai nono.

Sai ga Yagana ta taso daga wurin kihinta. Tad durƙusa har ƙasa, tar rage murya, tac ce, "Asta, ya haƙuri? Allah shi jiƙan Jalo. Allah shi maida maki da alheri."

Babu baiwata, babu ɗiyar daji. Asta da bakinta tac ce daga baya, ranar tas san ta ƙare. Mutuwar shanu ba ta gaya mata ba, mutuwar Jalo ba ta gaya mata ba, sai da Babarbariya tad durƙusa mata da ladabi. Tad dubi hannuwanta tag ga ba ta san na wa ba na. Taɗ ɗauki ƙwarya tak koma rugga, tak kwanta tana kallon zana.

Matan Kalmalo ba su yi sake ba. Suna aikowa da tuwo, da kunu, a aje mata bakin ƙohwa. Tururuwa ke ci. Ita ba ta taɓa cin abin sadaka ba, kuma ko da ba sadaka ba na, ba ta ga wadda za a ciyar ba. Ta ce ita ba ta yi niyyar kashe kanta ba, ta san haramun na. Daina taya rai aiki kawai tay yi.

Kwana biyar Yagana tana kallon wurin zaman Asta babu kowa. Ran na shida tar ruhe kihinta, tad dama kunu, tak kama hanyar rugga da rana tsaka. Tay yi sallama babu amsa. Tas shiga. Asta tana kwance, leɓe ya tsage, ido ya zurma, ta ba ƙohwa baya.

"Asta, don girman Allah ki tashi ki sha ko ruwa na."

Yagana tam matso kusa.

"Asta, ki dubi Annabi."

Ko motsi. Yagana taz zauna. Can idonta yak kai kan ƙwaryar, tana aje a kan gadon kara, a wanke, a ruhe. Sai tam miƙe, taɗ ɗauko ta, taƙ ƙwanƙwasa da ɗan yatsa.

"Kai! Ƙwarya ke nan. Ko tsaga babu. Wagga za ta ci tarwaɗa talatin."

Kahwaɗar Asta tam motsa. Murya tah hito awa ta cikin rijiya. "Aje."

"Au! Gawa tana magana? Yi haƙuri, na zaci kin gama. Ba komi, ina jira. Ai baiwa in ta mutu, kayanta na uwar ɗakinta na, ko alƙali ya san haka. Dama ina neman abin jiƙa kihi. In zuba hanji a ciki, in kankare ɓawo, in na gama in wanke ƙahwa."

"Wallahi in kihi yat taɓa ta..."

"Ki yi mi? Ki taso daga kabari? Taso daga nan tukuna mu gani."

Asta tad dahwa ƙasa, tay yunƙura. Gwiwa taƙ ƙi. Tas sake, tak kai rabi, tah hwaɗi da huska. Yagana ta ce saura kaɗan ta yar da ƙwaryar ta tare ta, sai tac ciji harshenta, tab bushe da dariya.

"Dube ta! Jikar masu zuwa Adar a ƙahwa! Ko kaza ta hi ki ƙarhi."

Tas sami igiya tar rataye ƙwaryar can sama a tsakiyar bukka, inda sai mutum ya miƙe tsaye shike kai. "Gobe ina dawowa. Ki yi ƙoƙari ki mutu da wuri, hanyar ga da nisa, rana da zahi." Da tak kai ƙohwa ta aje kunun a waje. "Wanga na wani kare na da ke bi na. Kak ki taɓa."

Tat tahi ba ta waiwaya ba har tas sha kan tudu. Nan taz zauna tay yi kuka har tag gaji. Asta kuwa da taj ji tahiya ta yi nisa, taj ja ciki har ƙohwa. Tas sha, tay yi amai, taj jira, tas shanye sauran. Ba yunwa tas sa ta ba, haushi na.

Washegari Yagana tal leƙo. "Har yanzu? Ke komi naki sai an yi jira." Ta aje na kare, tat tahi. Haka kullum. Wata rana kunu, wata rana hura gaya, babu nono. Ran na goma tat tarar da Asta tsaye bakin bukka, ta dogara da sanda, ƙwarya a hammata.

"Ɓarauniya. Matso ki gani."

"Kash," in ji Yagana, "na yi asarar ƙwarya."

Kak ku zaci shi ke nan ta warke. Tsayuwa kawai tay yi. Ba ta da saniya, ba ta da miji, ba ta da abin kai wa kasuwa. Tana tashi da sahe don kak ƙwarya ta hwaɗa hannun Babarbariya, iyakarta ke nan. Da damina tas sauka, ruwan hwari yak kwashe bukkar. Yagana tac ce akwai wani ɗaki a gidanta da take aje itace, in baiwa tana so. Asta tac ce za ta zo, amma don ta sa wa ɓarauniya ido na.

Kwanakin hwarko in anka kawo kihi daga tabki, sai ta zagaya bayan ɗaki ta yi ta kelaya amai. Ba ta taɓawa, ba ta kallo. Sai dai tana zaune tana ganin yadda Yagana ke hura wutar banda, abin shina ci mata rai. Yagana mai gaggawa ta, ta tula itace wuta ta tashi, kihi shi ƙone a waje ciki ɗanye, kwana uku tsutsa ta hito. Rannan Asta tak kasa haƙuri.

"Wanga shi na banda? Ku Barebari ko wuta ba ku iya ba."

"Ke da ba ki san kan kihi da wutsiya ba?"

"Ban san kihi ba, na san hayaƙi. Matsa."

Ta san shi kuwa. Tun tana yarinya ita ke hura wutar da ake yi wa shanu don korar ƙuda da sauro, wutar da ba ta ci da harshe, sai hayaƙi a hankali tun marece har gari shi waye. Tac ce itacen ga bai yi ba. Taɗ ɗauki kwando tak koma tsohuwar rugga, inda garken ke kwana, tat tsinto busasshen kashin shanunta. Da shi tah hura wutar. Kihin yah hito ja, a bushe, shi yi wata biyu bai lalace ba, har hwatake masu zuwa Adar sunka hwara tambayar na gidan Yagana.

Rani guda tana zuwa tana kwasowa. Ta ce wani ma tana gane na wace saniya na, daga inda kowace ke kwanciya. Har ranar da taz zo tat tarar babu saura, ƙasa ta yi hwari tas. Tad dawo da kwando wayam, taz zauna kwana biyu ba ta je bakin wuta ba. Ran na uku masunta sunka kawo kihi mai yawa, Yagana tak kama tula itace a gabanta da gangan. Asta tat tashi tana zagi, tan nemo ƙaiƙayi da ɗanyen ganye, tac ci gaba.

Haka rayuwarta tat tahi, guntu-guntu. Iya ta ce babu wani dalili guda da yat taɓa kai ta shekara. Wanga shi ƙare, ta yi kwance, wani ɗan ƙarami shi taso. Ƙwaryar ma da anka yi duk wanga rikici a kanta, a shekara ta uku gara tac cinye gindinta a inda take ɓoye ta. Asta tad duba, tac ce to, tak kai ta bayan gida. A kasuwa kuma anka koma ce mata Asta mai banda. In anka kira tana amsawa, amma sai an kira sau biyu.

Daga baya ta auri wani masunci, Isa, mutum mai shiru, tah haihi ɗiya guda, Halimatu, ita ta kakar Iya. Ba ta koya mata Hillanci ba ko kalma guda. Da Isa yat tambaye ta, tac ce, "Wa za ta kira da shi?" Kihi kuwa har tam mutu ba ta taɓa kai shi bakinta ba. A taɓa da hannu, a juya, a tsame, amma miyarta daban take yi.

Shekara tara bayan cutar, sai ga wanta Sambo. Ya tsuhwa, ya rame, amma ya haɗa 'yan shanu kaɗan a kudu, ya sauka da iyalinai yamma da tabki. Yat tsaya ƙohwar gidan Yagana, inda Asta ke banda, bai shiga ba. Yac ce wa Asta cikin shanun akwai wata karsana jinin Wule, daga wata 'yar'uwarta da tat tsira. "Taki ta. Ki zo ki gan ta. In kina so ki dawo cikin mutanenki, ga ɗaki."

Yagana tana jin su daga ciki.

Washegari Asta tay yi wanka sau uku da sabulun salo. Tac ciro wani zane da ba ta taɓa kusantar wuta da shi ba. Tab bar Halimatu wurin ubanta, tat tahi ita kaɗai. Matan rugga sunka tarbe ta da gaisuwa, tana amsawa, amma harshen ya yi mata nauyi, sai ta lalubo kalma. Matar Sambo tar rungume ta, sannan hannunta yat tahi hanci da kainai, tay yi maza tas sauke. Asta ta gani.

Sambo yan nuna mata karsanar. Ja, da ɗan hwari a goshi, sak Wule. Asta tam matsa a hankali, tam miƙa hannu, tay yi kiran nan da take yi wa Wule, wanda ba ta yi ba shekara tara. Muryar tah hito daidai. Karsanar taɗ ɗaga kai, tat tako ɗaya, biyu, tak kawo hanci kusa da tahin hannunta. Tas shaƙa. Sai tay yi huci tak kaɗa kai taj ja da baya. Sauran ma sunka motsa, sunka koma can gehe suna kallonta awa baƙuwar kura.

"Ba ta saba da ke ba na," in ji Sambo. "Kwana biyu za ta saba."

"Haka na," in ji Asta.

Anka kawo mata nono a ƙwarya, mai sanyi, da mai a sama. Tar riƙe da hannu biyu tana kallo. Tak kai kusa da baki, tak kasa sha. Ta aje tac ce azumi take. Tay yi godiya, tac ce wa Sambo shi riƙe mata karsanar tukuna, tay yi sallama.

Ba ta wuce gida ba. Tat tsaya bakin tabki, wajen da ke da zurhi, inda masunta ba su shiga sai da gora. Taz zauna tun azahar. Ta gaya wa Halimatu da bakinta, bayan ta girma, cewa ranar ba ta tuna da ita ba, ba ta tuna da Isa ba, ba ta tuna da komi ba. Ruwan kawai take kallo, tana jin shi kusa.

Wajen la'asar taɗ ɗaga kai tag ga hayaƙi shina tashi daga cikin gari, baƙi ƙirin, a tsaye. Ta san gidan. Ta san kuma da sahe anka kawo tarwaɗa kwando huɗu, kamun mutum shida, masu iyali.

"Jaka," tac ce. "Jakar Barno."

Tam miƙe. Tun daga zaure take jin ƙaurin ƙuna. Tat tarar da Yagana tana ta hihita wuta da murhin kwando, ido duk hawayen hayaƙi, harshen wuta har shina lasar kiraren da anka jera kihi a kai.

"Au, har kin dawo? Na zaci yanzu kina can kina tatsa. Ina shanun?"

"Suna can."

"Ko su ma sun gane baiwata ta?"

Asta tan nuhi wutar. Tat ture ta gehe, taj janye itacen da ke ci, taw watsa ƙasa, tad durƙusa da zanen nan nata mai kyau tana tsamo kihin ɗaya bayan ɗaya, tana ware wanda yaƙ ƙone da wanda za shi yi. Kwando guda ya tahi. Uku sunka tsira.

Sambo ya yi rani biyu a wajen, sannan yak koma kudu. Ba ta sake zuwa ruggar ba, ba ta kuma taɓa tambayar karsanar ba. Ta ga zuwan Nasara, ta ga babbar yunwar da tab biyo baya, ta rihe Isa, ta rihe Yagana. Ta kai tsuhwa sosai, har sai an kama ta ake kai ta bakin wuta, ta zauna tana hwaɗa wa jikoki su rage itace.